Ba Na Son Ba Da Labarin Daji, Amma Ina Son In Samu Sauƙi

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne mai shekara 36, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ina zaune a Gusau, sana'ata saye da sayar da hatsi. Bara da kaka 'yan bindiga suka tare motarmu muna dawowa daga cin kasuwar ƙauye, suka kaɗa mu daji. Na yi kusan wata biyu a hannunsu kafin yayana ya sayar da gonar gadonmu da shanunsa aka karɓo ni. Abin da na gani a can ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Yau wata takwas da dawowata, amma kamar ban dawo ba. Barcina ba ya wuce awa biyu ko uku, sai in zabura sharkaf da gumi. Da na ji ƙarar babur, ko da na ɗan kabu-kabu ne a layinmu, sai gabana ya faɗi, gwiwoyina su yi sanyi. Na daina zuwa rumfa, yarona ke zama. Kwanan baya autana ya buga ƙyaure da ƙarfi, na daka masa tsawar da har yau in ya gan ni sai ya ɓuya. Wata ƙungiya ta haɗa ni da wani mai ba da shawara, na je sau biyu. Ya ce in ba shi labari tun daga farko. Na fara na kasa, na fito na yi amai, na kwana uku ban runtsa ba. Ban koma ba. Matata kullum cewa take in faɗa mata ko zan ji sanyi. Mahaifiyata ta ce iskar daji ce ta shafe ni, tana so a kai ni wurin wani mai magani. Yayana bai taɓa ta da zancen gonar ba, amma ba na iya haɗa ido da shi. Yanzu ƙwayar barci nake saya a kyamis. Wani lokaci sai in ji da ma a can na mutu kowa ya huta. Malam, ba na son magana. Akwai wata hanyar samun sauƙi wadda ba sai na zauna ina ba da labari ba?

Daga wani ɗan'uwa a Gusau

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Barka da arziki, Allah ya tsare gaba, ya saka wa yayanka da mafificin alheri. Amsar tambayarka ita ce e, akwai hanyoyi, kuma suna da yawa. Amma bari in fara da maganar da ka cusa kusa da ƙarshe, don ita ta fi tsaya mini a rai.

Ka ce wani lokaci kana jin da ma a can ka mutu. Mutane da yawa da suka sha irin abin da ka sha suna jin haka, kuma jin hakan bai sa ka zama mai raunin imani ba. Sai dai ina so ka tambayi kanka da gaskiya: tunanin yana zuwa ne ya wuce, ko ya fara kai ka ga tunanin yadda za ka cutar da kanka? In na biyun ne, kar ka kwana da shi. Yau ɗin nan ka faɗa wa yayanka ko wani amini, ku tafi asibiti tare, ka gaya wa likita kamar yadda ka gaya mini. Ko da na farkon ne, ina roƙonka abu ɗaya. Kai mai hatsi ne, na san ba a raba ku da maganin ƙwari na ajiya. Ka fitar da shi daga gida, shi da fiya-fiya da tarin ƙwayoyin barcin nan, ka ba yaronka ko yayanka ajiya. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi tsakar dare ya lafa kafin gari ya waye, kuma abin da ke tsare mutum a wannan ɗan tsakanin sau da yawa shi ne babu komai kusa da hannunsa. Batun kowa ya huta kuwa, mutumin da ya sayar da gona da shanu don ka dawo ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ke damunka likitoci sun san shi sarai, ciwo ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma ana warkewa. Wata biyu jikinka ya yi yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, kunne a buɗe, zuciya a shirye, domin a can ƙarar babur na iya zama ajali. Wannan shirin shi ya taimaka ka rayu. Matsalar ita ce jikin bai samu labarin cewa an dawo gida ba, yana nan kamar maigadin da aka manta ba a zo an canje shi ba. Don haka zaburar, da gumin, da tsawar da ka yi wa yaro, duk daga wuri ɗaya suke fitowa. Hankalinka lafiya lau yake. Wanda ya rubuto wasiƙa a tsare irin taka bai taɓu ba.

Game da mai ba da shawarar nan, ba na zarginsa da mugun nufi, amma an yi gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a matsa wa wanda ya fito daga bala'i ya kwashe labari duka a zama guda, kuma masu ƙwarewa a wannan fanni sukan fara koya wa mutum yadda zai kwantar da jikinsa kafin a taɓa labarin. Aman da ka yi jikinka ne ya ce bai shirya ba. Kar ka ɗauka ka gaza.

To mu fara daga jikin, tunda shi ne ya tsorata. Abu mafi araha shi ne numfashi. Ka zauna, ka ɗora tafin hannu a kan cibiya, ka ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga 1 zuwa 4 har ka ji cikin ya ɗaga hannun, sannan ka sake ta ta baki kana ƙirga 1 zuwa 6. Sirrin yana wajen fitarwar: duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi a hankali, bugun zuciya yana raguwa, haka Allah ya gina jijiyoyin. Ka yi minti 5 bayan Asuba, minti 5 bayan Isha'i, kullum, lokacin da kake cikin natsuwa. Mutane da yawa suna jira sai firgicin ya zo sannan su gwada, su ce bai yi aiki ba. Sai jiki ya saba da shi a lokacin lafiya yake karɓarsa a lokacin tashin hankali. In faɗuwar gaban ta zo maka kwatsam, ka watsa ruwan randa mai sanyi a fuska, ko ka yi alwala a tsanake, domin ruwan sanyi a fuska shi ma yana rage gudun zuciya. Sannan ka taka ƙasa da kyau, ka dubi abin da ke gabanka ka ambace shi a zuci: ga buta, ga tabarma, ga takalman yara a bakin ƙofa, ni ina Gusau, yau Talata. Da sauƙi kamar wasa, amma yana janyo hankali daga daji ya dawo tsakar gida.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa sau biyar, kuma an tabbatar motsa jiki na rage damuwa da ƙunci, yana gyara barci. Ba sai ka sayi komai ba. In an sallame Asuba gari ya fara haske, ka yi tafiya mai ɗan sauri cikin unguwa tare da wani maƙwabci da kuke sahu ɗaya, har ka ji gumi ya tsattsafo. Hasken safiya yana saita agogon barci a jiki, tafiyar kuma tana ƙone wannan ƙarfin da tsoro ke tarawa a gaɓoɓi. Wanda zai raka ka ba sai ya san komai ba, ka ce masa likita ya ce ka riƙa tafiya. In kana da aboki mai lambu ko noman rani a cikin gari ko gefensa inda babu haɗari, ka roƙe shi ka riƙa taya shi ban ruwa. Aikin hannu da ke gajiyar da jiki, a kusa da mutane, ba tare da kowa ya tsare ka da tambaya ba, yana daga cikin abin da ya fi dacewa da irinka.

Barci kuwa, ka lura da goro da shayi da Nescafé da lemukan ƙara kuzari. Duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, kuma yana ƙara bugun zuciya. Daga Azahar ka bar su. Ka daina kallon bidiyon hare-hare da ake turowa a WhatsApp, musamman da dare. In labarin hanya kake buƙata saboda kasuwa, yaronka ya faɗa maka da baki da rana. In ka zabura tsakar dare, kar ka kwanta kana kokawa da katifa. Ka tashi, ka kunna 'yar fitila, ka yi numfashin nan ko ka ja carbi, sai barci ya dawo ka koma. Ka riƙa tashi lokaci ɗaya kullum ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kuma ƙailula kar ta wuce rabin awa.

Ƙwayar kyamis ɗin nan tana ba ni tsoro. In irin su diazepam ce, wadda aka fi sani da Valium, tana sa barci a makon farko, sannan jiki ya saba ya nemi ƙari, kuma ba ta warkar da wannan ciwo. Amma kar ka yanke ta rana ɗaya in ka daɗe kana sha kullum, domin hakan na iya jawo karkarwa har da farfaɗiya. Ka ɗauki kwalin ka kai wa likita ya rage maka ita sannu a hankali. Nan ne kuma wata babbar hanyar da ba ta buƙatar dogon labari take. Akwai magunguna na asibiti, irin su sertraline da fluoxetine, da ake ba masu irin ciwonka. Ba sa bugarwa, kuma ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji bambanci, wani lokaci da ɗan tashin zuciya a kwanakin farko, sannan a ci gaba da sha na watanni ko an ji sauƙi. Likita ne zai duba ko sun dace da kai, kar ka saya da kanka. Ka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ka nemi a haɗa ka da likitan da ke duba irin wannan. Abin da zai buƙata kaɗan ne: an yi garkuwa da ni, ba na barci, ina firgita, ga ƙwayar da nake sha, kuma ba na son ba da labarin yanzu. Ka nemi a auna maka hawan jini da yawan jini, don wanda ya yi wata biyu cikin yunwa da sauro yakan dawo da ƙarancin jini, shi ma yana sa bugun zuciya da kasala. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a yankinmu yana Kware, kusa da Sakkwato. Na san hanyar ta fi kilomita 200, na kuma san abin da hanya take nufi gare ka yanzu, shi ya sa na ce ka fara da gida.

Yanzu batun rumfa da babur, wanda nake ganin a nan gyaran yake. Tsoronka kashi biyu ne, kuma dole a raba su. Tsoron bin hanyar ƙauye da yamma a Zamfara ta yau hankali ne, ba zan ce ka cire shi ba. In sayen hatsi ya koma ta hannun dillalai da waya, ko ka riƙa sara a cikin gari riba ta ragu, to ta ragu. Amma tsoron ɗan kabu-kabu a layinku rauni ne, kuma gudunsa ƙara masa girma yake yi. Duk ranar da ka fasa fita, kana samun sauƙin awa ɗaya, jikin kuma ya ƙara yarda cewa waje haɗari ne. A haka duniyar mutum ke tsukewa har ta koma ɗaki ɗaya. Maganinsa komawa da kaɗan-kaɗan. Makon farko ka zauna a dakalin ƙofar gida bayan La'asar, babura suna wucewa, kana numfashinka. Gabanka zai faɗi. Ka daure ka zauna har faɗuwar ta ragu da kanta, domin a wannan raguwar ne jiki ke koyon darasi. In ka tashi tana tsakiyar ƙarfinta, bai koyi komai ba. In dakali ya zama ba komai, ka taka zuwa bakin titi. Daga nan ka je rumfa na awa ɗaya da hantsi, ba don ciniki ba, ka zauna kan buhu, ka sa hannu cikin gero ka duba tsabarsa, ka ga yaronka na awo. Masu zuwa yi maka barka za su tambaya, ka tanadi amsa guda: "Alhamdulillahi, ya wuce, a taya mu da addu'a." Ba ka bin kowa bayani, kuma ba wanda yake bin ka.

Hajiya kuma, ka yi mata uzuri. Ta ga ɗanta ya dawo ba yadda ya tafi ba, ta ba abin sunan da ta sani. Kar ka yi jayayya da ita a kan iska. Abin da take so na karatun Alƙur'ani da addu'a ka karɓa hannu biyu, kai ma kana buƙatarsa. Annabi Yaƙubu, da baƙin ciki ya yi masa yawa, cewa ya yi yana kai kukansa ga Allah ne kawai, yana nan a aya ta 86 cikin Suratu Yusuf. Ka ga abin da ka kasa faɗa wa mutum kana da inda za ka faɗe shi, a sujada, ba mai katse ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya ce bayin Allah su nemi magani. Ka ba Hajiya aiki ma. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha cewa talbina, wani ɗan kunu da ake yi da garin sha'ir, tana sanyaya zuciyar majiyyaci tana rage baƙin ciki. Ta riƙa dama maka, ka riƙa zuwa kana sha a gabanta. Inda zan ce ka tsaya da ladabi shi ne duk wurin da ake duka ko ɗaure mutum da mari, ko hayaƙi mai shaƙe numfashi, ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko a ce ka bar maganin asibiti, ko a yanka maka kuɗi masu nauyi. Kai da ka fito daga ɗauri, a sake ɗaure ka da sunan magani zai mayar da kai baya ƙwarai. In ba za ka iya faɗa mata ba, limaminku ko kawunka ya faɗa.

Maiɗakinka ita ma ta yi nata wata biyun, tana jiran waya, tana rarrashin yara, ba ta san ko takaba za ta shiga ba. Nacin da take yi so take ta tabbata ba ita ka juya wa baya ba. Ba sai ka ba ta labarin daji ba. Ka ce mata: "Abin da ke damuna ba laifinki ba ne. Ba zan iya faɗa yanzu ba. In kin ga na tashi na fita tsakar gida, ki bar ni minti goma zan dawo." Sannan ka nuna mata abin da za ta iya yi: ta tashe ka da murya daga nesa in kana mafarki, ba da taɓawa ba, ta sa wa ƙyauren tsumma ya daina bugawa, ta zauna kusa da kai ko ba a cewa komai. Ka tambaye ta ita ma yaya ta yi a lokacin, wataƙila ba wanda ya taɓa tambayarta. Shi kuma auta, ka kira shi ka ce Baba ya tsorata ne, ba kai ka yi laifi ba, ka riƙe hannunsa ku tafi masallaci tare. Yara suna saurin dawowa in an neme su. In ka ji ranka na tafasa a kansu, ka bar wurin kafin baki ko hannu ya riga ka.

Yayanka fa, ina zaton shirunsa na kunya ne da tausayi, kai kuma kana fassara shi da nauyi. Bashin da ba a faɗi adadinsa ba ya fi kowane bashi danne ƙirji. Ka samu wani dattijo a dangi, ku zauna ku uku, ka yi masa godiya da bakinka, ka tambaye shi yadda yake so a yi da batun gonar. In ya ce ya yafe, ka karɓa, kar ka hana shi ladansa. In kuma zuciyarka ba za ta natsu ba sai ka mayar da wani abu, ku yanka abin da za ka iya, ko buhu kaza ne duk kaka, a rubuta. Sauran magada ma a ji ta bakinsu tunda gonar gado ce, don kar maganar ta taso bayan shekaru.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ciwo in ya ƙi lafawa, maganin da aka fi tabbatar da ingancinsa yana haɗawa da fuskantar abin da ya faru tare da ƙwararre, a hankali, da yardarka, kai ke riƙe da linzami. Akwai ma wata hanya da ake kira EMDR, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2013, inda mutum ke tuna abin a zuci yana bin yatsan likita da ido ba tare da ya zayyana labarin dalla-dalla ba, sai dai masu yin ta ba su da yawa a ƙasar nan. Wasu kuma rubutu ke yi musu, minti 15 a takarda, da boko ko ajami, in sun gama su ƙone. Tunda ka iya rubuto mini, wataƙila hannunka ya fi bakinka shiri, amma kar ka fara sai barcinka ya ɗan daidaita, kuma in ka ji yana dagula ka, ka ajiye. Wasu kuwa zama da wanda shi ma ya shiga daji ya fito ya fi musu komai, don shi ba ya tambaya. A Gusau ba za ka rasa irinsa ba.

Kar ka ɗauki duka a rana ɗaya. A wannan makon ka fitar da magungunan nan daga gida, ka ga likita da kwalin ƙwayar a aljihu, ka fara numfashin da tafiyar Asuba. Dakali da rumfa su biyo baya. Za a yi ranakun da za ka ji kamar an koma farko, musamman in an kai hari kusa ko kaka ta zagayo, wannan ba ya nufin aikin ya rushe. Bayan wata guda ka sake rubuto mini, ka faɗa mini awa nawa kake barci da abin da likita ya ce. Allah ya ba ka lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.